Darasin Lafiya: Maiƙon Jini da Ciwon Zuciya ga Dattawan Kasuwar Shanu

 A wannan fitowa mun ajiye maganar farashi da ta allurar dabbobi, za mu duba jikin mai dabbobin shi kansa. Dalili kuwa kowa ya san shi. Babu kasuwar da za ka shiga, daga Maraɗi zuwa Tasawa, daga Badagishiri zuwa Ƙwanni, da ba za a ambata maka wani Alhaji da aka yi ciniki da shi ran kasuwa, kafin kasuwa ta zagayo har an yi sadakar ukunsa ba. Wani kuma yana nan da rai, amma ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, ana ɗaga shi ana kwantarwa. Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Amma sababi ma Allah ya halicce shi, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Sana'ar tamu kuwa irin wanga faɗuwa ta farat ɗaya ta fi yi mata ɓarna bisa ga sauran sana'o'i. Cinikinmu na amana ne. Shanu 40 na hanya, kuɗin 20 na hannun mahauta, rabin dukiyar ta makiyaya ce, kuma duk lissafin yana cikin kan mutum guda. Ran da kan ya tsaya, marayu da masu bin bashi su ke shan wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 17,9 suka mutu da cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini, wajen kashi ɗaya cikin uku na duk mutuwar duniya ke nan, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Saboda haka a daina ce masa ciwon Turawa.

Mine ne kolestarol?

Wani irin maiƙo ne da ke yawo cikin jini. Jiki na bukatarsa, da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi hanta ke yin ruwan matsarmama mai narkar da kitse cikin hanji. Mafi yawansa hantar mutum ce ke yin shi da kanta, abin da ke shigowa ta baki shi ne kaɗan. A riƙe wannan da kyau, domin shi ne dalilin da za ka ga siririn mutum kamar sanda amma jininsa cike da maiƙon, wani mai tumbi kuma nasa da sauƙi. Mu da muka saba kimanta sa da ido, mu dafa tozo, mu taɓa gindin wutsiya mu faɗi kilonsa, nan idonmu ba ya aiki. Sai an ɗibi jini an auna.

Tun da mai ba ya gauraya da ruwa, sai an ɗauke shi cikin wasu ƴan ƙunsoshi kafin ya yi tafiya cikin jini. Biyu daga cikinsu za ku gani a takardar awo. Na farko LDL, shi ne mai kai kaya daga hanta zuwa sassan jiki, kuma shi ne mai ɓarna idan ya yi yawa. Na biyu HDL, mai kwaso saura ya mai da hanta.

Ga yadda ɓarnar take. Jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya ƙanana ne, faɗinsu milimita 3 zuwa 4 ne kawai, ga shi zuciya na bugawa wajen sau dubu 100 a kwana guda ba hutu. Idan LDL ya yi yawa sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiyar yana taruwa, shekara da shekaru, har ya yi tudu daga ciki, hanya ta ƙuntata. Mutum ba ya jin komai. Wani lokaci sai in ya yi sauri ko ya ja sa mai gardama ya ji ƙirji ya ɗaure, in ya huta ya saki. Babban hatsarin shi ne ran da tudun ya fashe. Jini na ganin wurin kamar rauni, sai ya daskare a kansa, gudan jinin ya toshe hanyar baki ɗaya cikin ƴan mintoci. In a zuciya ne, ɓangaren tsokar da ba ya samun jini ya fara mutuwa. In a ƙwaƙwalwa ne, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda har yanzu a garuruwanmu ake cewa iska ce ta buge shi.

Wannan ilimi ya daɗe. Tun 1913 wani likitan Rasha mai suna Anickof ya ciyar da zomaye kolestarol, ya ga jijiyoyinsu sun yi irin wanga tudu. A 1948 aka fara bin lafiyar mutanen wani gari na Amurka mai suna Firamingam, sama da mutum 5000, shekara bayan shekara, kuma daga nan aka tabbatar cewa yawan kolestarol da hawan jini da shan taba su ke gaba wajen jawo ciwon zuciya.

Su wa ke cikin babban hatsari?

Nan ne zuciyar darasin. Lamba guda a takarda ba ta da hukunci guda ga kowa. Abin da za a bar wa saurayi mai shekara 30 wanda ba ya da wani ciwo, ba za a bar wa dattijo mai ciwon sukari ba. Likita yana haɗa abubuwa ne ya auna: shekaru, tansiyo, taba, sukari, ƙoda, da tarihin gida.

Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki, ko da ya warke sarai, yana sahun farko, haka wanda jijiyoyin ƙafarsa suka toshe har yake jin ciwon sha-raɓa in ya yi tafiya. Mai ciwon sukari da ya daɗe da shi, ko ya fara taɓa masa ido ko ƙoda, shi ma yana nan. Mai ciwon ƙoda yana nan. Hawan jini kuwa ana fara lissafa shi daga 14/9, wato abin da takardun Najeriya ke rubutawa 140/90, kuma wanda nasa ke kai 18/11 wannan kaɗai ya isa ya sa shi cikin babban hatsari. Sai a ɗora taba a kai, sai tumbi, sai shekaru sun wuce 50. Kowane ɗaya yana ƙara wa ɗan uwansa nauyi. Mu duba rumfunanmu tsakani da Allah, mutum nawa ne ba su da biyu ko uku daga cikin waɗannan?

Akwai kuma na gado. Wajen mutum 1 cikin 250 zuwa 300 ana haihuwarsa da hantar da ba ta iya kwashe LDL daga jini yadda ya kamata, ko mi ya ci ko mi ya bari. Irin wanga gida za ka ji uba ya faɗi yana da shekara 45, wansa ma haka. Wani lokaci akan ga kumburi mai tauri a agara ko a bayan hannu, ko ɗigon rawaya a fatar ido. Duk wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa namiji ya samu ciwon zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiya ko ƴar uwa kafin 65, ya gaya wa likita. Idan aka same shi ga mutum guda, sai a auna ƴan uwansa da ɗiyansa, domin kowane ɗa yana tsakanin ya gada ko ya tsira, rabi da rabi.

Kada a manta da iyali. Mata suna da ɗan sauƙi kafin al'ada ta ɗauke, bayan nan hatsarinsu na hawa. In Alhaji zai je awo ya tafi da Hajiya.

Yadda ake karanta takarda

Yawancinmu muna ƙetare iyaka, wani ya yi awo a Yamai ko Damagaram, wani a Kano, wani a Kumasi. Ma'aunin ba ɗaya ba ne, kuma wannan na rikita mutane ƙwarai. A wajenmu galibi da g/L ake rubutawa, wato giram cikin lita. A Najeriya da Gana za ka ga mmol/L, wani wurin mg/dL. Ga kolestarol, ninka lambar g/L sau 2,6 ka samu mmol/L, ninka ta sau 100 ka samu mg/dL. Alal misali 2 g/L shi ne 5,2 mmol/L, shi ne 200 mg/dL. To mutum ya ga 3 a takardar Kano ya kwatanta da 1,2 na abokinsa na Maraɗi ya tada hankalinsa, alhali kusan abu guda ne.

Jimlar kolestarol ana son ta kasa 2 g/L. HDL ana son ya wuce 0,40 ga namiji, 0,50 ga mace. Akwai wani maiƙon kuma mai suna tirigiliserid, ana son ya kasa 1,5 g/L, shi lissafin juyawarsa daban ne, kuma sukari da tumbi da giya su suka fi tada shi. Amma lambar da likita zai fi zura wa ido ita ce LDL. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar a 2019, mai ƙaramin hatsari ya kasa 1,16 g/L, mai matsakaici ya kasa 1,00, mai babban hatsari ya kasa 0,70, wanda kuwa ya riga ya taɓa faɗuwa ko yake sahun farko ya kasa 0,55. LDL da ya wuce 1,90 shi kaɗai babban hatsari ne, ko babu wani ciwo.

Ku lura da wani abu. Takardar awo takan zo da iyakar "lafiya lau" a gefe, ta mutane gama-gari. Mai ciwon sukari zai ga LDL nasa 1,30, ya ga bai wuce abin da aka buga a gefe ba, ya ninke takarda ya sa aljihu. A gare shi kuwa wanga lamba ta kusa ninka abin da ake so. Don haka takarda sai ta koma hannun likita.

A da sai mutum ya kwana da yunwa awa 12 kafin a ɗibi jinin. Yanzu sau da yawa ba dole ba ne, amma a bi abin da masu awon suka ce.

Maganar nama da man shanu

To, ga inda maganar ta taɓa tukunyarmu. Akwai wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya da Kumasi, aka buga shi a 2018. An kwatanta mutum sama da 2000 da suka samu shanyewar jiki da wasu kamarsu masu lafiya. Hawan jini ya zo na ɗaya da nisa, rikicewar maiƙon jini na biyu, yawan cin nama kullum na uku, kuma ƙarancin cin ganye yana cikin jerin. Ba za mu ɓoye wannan ba don muna sayar da shanu. Mai sayar da gishiri ma ba da kwano yake shan shi ba.

Mun san abin da za a ce: ai Fulani da nono da man shanu suka tashi, ina ciwon zuciyarsu? Tambaya ce mai kyau, kuma an bincika ta. A 2001 aka buga wani bincike a kan makiyayan tsaunukan Jos. An tarar kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake, amma jininsu lafiya. Masu binciken suka danganta hakan da yawan tafiya da kuma cewa jimlar abin da suke ci ba ta da yawa. Ai mu ma mun san wannan a dabba. San da ke bin garke daga Abalak zuwa kudu da wanda aka ɗaure a turke wata uku ana zuba masa dusa da harawa, in mahauci ya buɗe cikinsu ba ka bukatar a gaya maka wane ne wane. Makiyayi na gaba da garke tun asuba. Dillali na bisa tabarma, yaro na kamo masa sa, babur na kai shi masallaci, in ciniki ya faɗa a aiko balangu da kitsensa, a bi da shayi zagaye uku wanda cokali ke iya tsayuwa a ciki don sukari. Fatake kuma kwana biyu ko uku a gaban kamiyo, ba motsi, abin da aka samu a tasha shi za a ci. Mun ɗauki abincin makiyayi mun bar masa tafiyarsa.

Abin da ya fi tada LDL shi ne maiƙon da ke daskarewa in ya huce: kitse, tozo, ɓargo, man shanu, fatar kaza, kitsen da ke kwance bisa romon kai da ƙafa. Manja ma wajen rabinsa irin wanga maiƙo ne. Man da aka soya ƙosai da shi aka sake soyawa har ya yi baƙi, shi ma a guje shi. Ƙwaƙwalwa kuwa babu abin da ya kai ta kolestarol a jikin dabba, ta ninka tsoka fiye da sau 20, hanta da ƙoda na biye daga nesa. Mai babban hatsari ya bar ƙwaƙwalwa ga yara.

Ba mu ce a daina cin nama ba. A zaɓi tsoka, a yanke farin kitsen kafin a dafa, a rage yawan kwanakin, wasu ranakun wake ko kifi su maye gurbinsa. A yi miya da man gyaɗa maimakon man shanu, shi ma da awo. Abin daɗi shi ne abincin da ke taimakawa namu ne na gado kuma shi ya fi araha: wake, gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba, kuɓewa, zogale, rama, yakuwa, gyaɗa ɗan dantse. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi guda, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin. Tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako. Ga awo na kyauta: a yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ta daidai cibiya. In ba ta haɗe ba, tumbin ya wuce ƙa'ida. Taba kuwa babu maganar ragewa, bari ne. Shekara guda bayan bari, hatsarin ciwon zuciyar da take jawowa yakan ragu da kusan rabi.

Magani

Gyaran abinci yakan sauke LDL da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Ga mai ƙaramin hatsari wannan na iya isa. Ga wanda ake son ya sauko daga 1,50 zuwa 0,70 ba zai isa ba, sai an haɗa da magani, domin kamar yadda muka ce hanta ce ke yin mafi yawa.

Maganin da aka fi dogara da shi ana ce wa jinsinsa sitatin. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya fara gano shi a 1973 daga wani hunhuna, kuma na farko ya shiga kasuwa a Amurka a 1987. A kwali za ku ga sunaye kamar Simvastatine, Atorvastatine, Rosuvastatine. Aikinsa rage wa hanta yin kolestarol, sai ita kuma ta riƙa janye na cikin jini. Mai ƙarfi daga ciki yakan sauke LDL da rabi ko fiye. A 1994 aka fitar da sakamakon gwaji a ƙasashen arewacin Turai a kan masu ciwon zuciya 4444. Cikin shekara 5 da ɗoriya, waɗanda ba su sha maganin ba 12 cikin 100 suka mutu, waɗanda suka sha 8 cikin 100. Daga baya da aka haɗa gwaje-gwaje masu yawa a 2010, aka ga duk saukar LDL da 1 mmol/L, wajen 0,39 g/L ke nan, na rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kamar kashi ɗaya cikin biyar. Shi ya sa mai ciwon sukari da ya kai shekara 40 galibi ana rubuta masa shi ko da lambarsa ba ta yi sama ƙwarai ba. Kada ya ce lokotoro na son ya ci kuɗinsa.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne nan: a sha kwali guda, a sake awo a ga lamba ta sauka, a ce an warke. Maganin ba ya warkarwa irin na zazzaɓi, riƙewa yake. Ka bari, cikin ƴan makonni lamba ta koma inda take. Ana sake awo bayan wata biyu zuwa uku da farawa, in bai kai inda ake so ba likita ya ƙara ko ya haɗa da wani mai suna Ezétimibe. Sau ɗaya ake sha a kwana, Simvastatine da dare ya fi aiki, saboda haka azumi ba ya hana shi, sai a sha bayan buɗa baki ko kafin barci. Mai doguwar tafiya ya ƙirga ƙwayoyinsa kafin ya hau mota, kuma kada ya bar su a gaban mota rana na dukansu.

Wasu kan ji ciwon tsoka. Wanda ya ji ya koma wa likita a canza masa iri ko a rage, in kuwa ciwon ya yi tsanani har fitsari ya yi duhu kamar shayi, ya tsai da shi ya tafi ran nan. Mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta sha. A gaya wa likita duk wani magani da ake sha, har na gargajiya, don wasu ba sa haɗuwa da shi. A saya a farmasi da takardar likita, ban da na masu talla bisa tire a bakin kasuwa. Tafarnuwa da lemun tsami da zoɓo abinci ne, a ci a sha, amma babu wanda aka tabbatar yana yin aikin sitatin. Ƙaho kuma ba ya tsotso abin da ke manne cikin bangon jijiyar zuciya. Asfirin na kullum shi ma sai likita ya ce, don yana iya sa zubar jini a ciki.

In abin ya faru a kasuwa

Mutum ya ce ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ɗora masa buhu, ciwon na tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa mai sanyi, ga tashin zuciya, bai saki ba bayan ƴan mintoci na hutu. Kada a tsaya cewa gyambon ciki ne a ba shi kanwa. A zaunar da shi, kada a bar shi ya yi tafiya da ƙafa ko ya tuƙa, a nemi mota zuwa babban asibiti mafi kusa. Mai ciwon sukari da mata wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai haki da kasala ta farat ɗaya.

In kuwa baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, domin likita zai tambaya, kuma allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko take aiki. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya ya shiga huhu. Kada a ba shi asfirin, domin a binciken nan na Najeriya da Gana wajen kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki jijiya ce ta fashe a kai, kuma asfirin zai ƙara zubar. A kwantar da shi ta gefe, mai addu'a ya shiga motar ya yi ta yi a hanya. Ko da alamun sun wuce cikin rabin awa ya miƙe yana cewa ba komai, a kai shi ran nan, don irin wannan kan dawo da ƙarfi cikin ƴan kwanaki.